Wankin Tsakuwa

A wata ƙaramar masana'anta da ke sarrafa totuwar masara akwai wani mutum da ma'aikata ke kira Na-Sani a bayan idonsa. Ƙanin mai masana'antar ne. Ba mugu ba ne, amma ya gwammace ya ɓata a hanya da ya tambayi inda ta nufa.

Aikin wurin shi ne a niƙa totuwa, a dafa ta a babbar tukunyar ƙarfe, tururin ya bi ta wani bututu cike da ƙwayoyin sinadari masu kama da tsakuwa. Idan ya ratsa su sai ya zama wani ruwa da masu haɗa fenti da gam suke saye. Tsakuwar ba ta narkewa, ba ta raguwa, amma in babu ita babu ruwan. Injiniyar wurin takan kwatanta ta da dillali, wanda ke haɗa ciniki alhali ba shi ne hajar ba. Na-Sani yakan gyaɗa kai, bai kuwa taɓa gane zancen ba.

Da injiniyar za ta tafi haihuwa, ta ja masa kunne cewa tsakuwar ita kenan gare su, daga nesa aka yi odarta. In ruwa ya ragu, ya kira ta kafin ya taɓa bututun.

Ruwa ya ragu kuwa. Na-Sani ya ɗauki waya ya ajiye, don yana ganin abin kunya ne namiji kamarsa ya nemi shawara wurin mai jego. Ya sa aka kwance bututun, sai ga tsakuwar da ya sani fara ta koma baƙa ƙirin. Nan take ya yanke cewa dauɗa ce, ya kira leburori biyu ya ce su kawo baho da garin sabulu.

Babbansu ya sosa ƙeya ya ce, "Yallaɓai, ko dai a ɗan taɓa Madam injiniya a waya?"

"Ita ta haife ka? Wanke min."

Suka wanke, suka ɗauraye, suka shanya a kan buhuna. Da aka mayar aka kunna wuta, abin da ya fito wani baƙin kunu ne mai warin ƙauri. Na-Sani ya ƙara wuta, ya rage, ya sa aka sake wankewa ko sabulun ne bai isa ba. Ya riƙa zagaya tukunyar yana duban agogunan jikinta kamar za su yi masa magana.

Da labari ya kai wa injiniyar, sai ta zo da goyonta. Ta murza ƙwaya ɗaya, ta rugurguje a yatsunta. Ta bayyana cewa baƙin hayaƙi ne ya toshe ƙananan ramukan tsakuwar, gasa ta ake yi a tanda ya ƙone, sabulu kuwa ya kashe ta har abada.

Na-Sani ya ce, "To ni abin da ban gane ba, yaya tsafta za ta lalata abu?"

Da yayansa mai masana'antar ya tambayi wanda ya wanke, sai ya nuna leburorin da haɓa. Aka kore su a ranar. Masana'anta ta tsaya cak, totuwar da manoma suka kawo tana ruɓewa a tsakar gida, Na-Sani kuwa yana ofis yana shan iskar fanka.

Darasin a fili yake. Rashin sani ba laifi ba ne, ƙin tambaya shi ne laifi, kuma duk wanda aka ba amanar abin da bai fahimta ba, tambaya tana cikin amanar. Sai dai akwai abin da ya fi wannan muni. Hannun da ya wanke aka hukunta, bakin da ya ce a wanke aka ƙyale. Na yi shekaru ina koyar da yara, ban taɓa dukan alli don na yi kuskure a allo ba. A mayar da mutanen nan biyu bakin aikinsu, kuma wanda ya nuna su da haɓa ya ba su haƙuri da bakinsa, a gaban kowa.