Tsalha Mai Gidan Kallo da Shaidar Babban Yatsa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Ba a zamanin kakanni aka yi shi ba, a zamanin nan namu ne na waya a hannu. Sunansa Tsalha. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Gidan kallon ƙwallo gare shi: rumfar kwano, bencina, talabijin, da wani janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. A bakin ƙofa akwai baƙin allo inda yake rubuta wasannin ranar da alli. Da rumfar nan yake ci, da ita yake ciyar da matarsa Laure da 'ya'yansu. Ku riƙe wannan, don a kanta za a jarraba shi.

Hoton wasan da yake nunawa ba nasa ba ne. Na wani babban kamfani ne, shi ke ba da akwatin nan da ake kira dikoda, kuma ranar da ya ga dama daga ofishinsa zai kashe maka shi. Kamfanin yana da masu sharhi da Hausa, masu zaƙin baki, da farko kowa na son su. Sai aka fara jin wani abu. Ana tsakiyar wasa, ɗan wasa ya ajiye ƙwallo zai buga fanareti, sai mai sharhi ya ce, "Wa ya zuba kuɗinsa a kan wannan? Yanzu ne lokaci, kada a ci babu kai!" Caca, jama'a! Caca ƙiri-ƙiri, an naɗe ta cikin sharhin ƙwallo ana ɗura wa matasa.

To, a garin akwai wani ɗan jarida, Garzali. Ba shi da ofis, shafinsa na sada zumunta shi ne ofishinsa, shi ne gonarsa. Ya tashi ya rubuta cewa masu sharhin nan sun bar sharhi sun koma dillancin caca. Ya rubuta yau, ya rubuta gobe, mutane suka fara yaɗawa.

Amma ku saurara, kada ku ɗauka Garzali abokin Tsalha ne. Bakinsa kamar reza yake. Ya taɓa shiga rumfar Tsalha lokacin bazara, ya fito ya rubuta cewa wannan ba gidan kallo ba ne, tanderu ne, mutum ya shiga ɗanye ya fito gasasshe. Har da hoto. Tun daga ranar sunan ya bi Tsalha, yaro da babba sai Tsalha Tanderu. Abin yana masa ciwo, bai taɓa ɓoyewa ba.

Ran nan da hantsi yana share rumfa sai ga mota ta tsaya. Yusha'u ne, wakilin kamfanin a garin, da ƙamshin turarensa da mukullin mota a yatsa.

"Malam Tsalha, yau na zo maka da albishir. Mutumin nan naka, Garzali, za mu rufe masa baki."

"Kotu za ku kai shi?"

"Wace kotu? Wa yake da lokacin kotu? Gobe ana wasan kusa da na ƙarshe, rumfarka za ta cika. Idan an tafi hutun rabin lokaci sai ka rage murya, ka ce kowa ya fito da wayarsa, a shiga shafin Garzali a kai ƙararsa. Duk gidajen kallon garin nan haka za a yi a lokaci ɗaya. Idan ƙara ta yi yawa, na'ura da kanta za ta rufe shafin. Babu mai tambaya."

Tsalha ya jingina tsintsiya. "Idan an danna, me ake cewa ya yi?"

Yusha'u ya nuna masa wayarsa. "Ga shi nan, zaɓi ne. Sai a taɓa wannan, mai cewa yana tunzura mutane su yi tashin hankali."

"Ya tunzura ɗin?"

"Kai Malam Tsalha, dannawa ce fa kawai. Ba rantsuwa za ka yi ba, ba gaban alƙali za ka tsaya ba."

"Ranka ya daɗe, ni karatuna bai yi nisa ba, amma ka gyara mini in na kauce. Wani zai karɓi maganar nan, ko mutum ko na'ura, ya yanke wa Garzali hukunci da ita?"

"Haka ne."

"To ai shaida ke nan. Kuma abin da za a ce ya yi, bai yi ba."

Fuskar Yusha'u ta sauya. Ya ce, "Mutumin da ya mai da kai abin dariya kake karewa? To bari ka ji. Wasan ƙarshe yana tafe, ka fi ni sanin ranar nan ce kakar masu gidan kallo. Dikodar nan tamu ce. Ka yi tunani." Ya shiga mota ya tafi.

Kun ji fa. Ba a ce masa ya ɗauki wuƙa ba. Yatsa kawai aka nema.

Da ya koma gida cin abincin rana ya gaya wa Laure. Ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Maigida, wai Garzalin da na sani? Wanda ya sa ko gidan suna na shiga sai an ce ga matar Tanderu ta iso, a kawo mafici?"

"Shi fa."

"A kansa za ka bari a kashe mana akwati? In an kashe, shi zai kawo mana cefane?"

"Ba zai kawo ba."

"To kai ba sai ka danna ba. Ka yi sanarwar kawai, wanda ya danna shi ya jiyo."

Tsalha ya janye hannu daga kwanon tuwo. Maganarta ba ta banza ba ce, ya san abin da ke cikin tukunya da abin da babu. Can ya ce, "Laure, wanda ya tara mutane su yi ƙarya ai ya fi su laifi. Da ce mini aka yi in faɗi cewa Garzali ba shi da ladabi, wallahi da lasifika zan faɗa. Amma abin da bai yi ba, bakina ba zai iya ba."

Ta ce, "Allah ya sa gaskiyar tana ƙosarwa." Ta kwashe kwanuka.

Washegari da la'asar rumfa ta cika har ƙofa. Alƙalin wasa ya busa hutun rabin lokaci. Yusha'u yana tsaye a baya yana jiran a rage murya. Tsalha ya rage, ya tsaya gaban talabijin, duk da cewa shi ba mai magana a taro ba ne.

Ya ce, "Jama'a, an ce in sa ku ku kai ƙarar Garzali cewa yana tunzura mutane. Ni ban ga ya tunzura kowa ba. Abin da ya faɗa kan caca, da kunnuwanku kuke jin sa a nan wurin. Ba zan danna ba, kuma ba zan ce ku danna ba. Shi ke nan maganata."

Wani ɗan acaba, Ilu, wanda kullum yake bencin gaba, ya ɗaga murya. "Kai Tanderu, mun zo kallon bal ko mun zo tafsiri? Ashe zafin rumfar har ƙwaƙwalwarka ya dafa!"

Aka kwashe da dariya. Yusha'u ya ga dama ta samu, ya matso gaba ya ce duk wanda ya danna ya nuna masa, ranar wasan ƙarshe zai shiga babban gidan kallo na bakin tasha kyauta, mai fanka, har da ruwan sanyi. Jama'a, kun san me ya faru? Wayoyi suka fito kamar fara. Ilu ne ya fara, har yana ɗaga tasa sama yana cewa, "Oga, ga tawa, sau biyu ma na yi!" Mutanen da ko layi ɗaya na rubutun Garzali ba su taɓa karantawa ba suka shaida cewa yana neman a zubar da jini. Saboda me? Saboda fanka da ruwan leda! Wannan wace irin araha ce mutum ya yi wa kansa?

Kafin a tashi wasa an rufe shafin. Aikin shekaru, hotuna, rahotanni, mutanen da ke bin sa, duk suka ɓace kamar an share allo da jiƙaƙƙen tsumma. Garzali ya rubuta koke, na'ura ta amsa masa cewa jama'a da yawa sun kai ƙara. Ya buɗe sabon shafi, aka sake taruwa aka rufe.

Ranar wasan ƙarshe Tsalha ya share rumfa, ya jera bencina, ya zuba mai a janareta, ya rubuta wasan a allo da kyakkyawan rubutu. Ya kunna. Talabijin ta yi shuɗi, babu hoto, babu murya. Ya kira Yusha'u, ba a ɗauka ba. Mutane suka zo suka leƙa suka juya. Ya zauna shi kaɗai a bencin gaba, yana jin ihun cin ƙwallo daga bakin tasha.

Yana nan zaune sai ga sallama. Garzali ne, ya rame, babu kaifin bakin nan.

"Malam Tsalha, an gaya mini abin da ka yi. Ni da na ci maka mutunci. Me ya sa?"

"Ba don kai na yi ba. Har gobe ina jin haushinka, kuma rumfata ba tanderu ba ce, ranar ce aka ɗauke wuta."

Garzali ya sunkuyar da kai. "Ka yafe mini."

"Wannan daban, za mu yi maganarsa. Yanzu ina kake rubutu?"

"Babu inda. Duk inda na buɗe sai a rufe."

Tsalha ya tashi ya fita ƙofa. Ya sa hannun riga ya goge sunan wasan da ba zai nuna ba, ya miƙa wa Garzali alli. Ya ce, "Ga allo, ni ba ni da sauran abin rubutawa a kansa. Wannan ba shi da wurin dannawa. Wanda yake son ya goge sai ya zo da ƙafarsa, mu ga fuskarsa."

Haka aka yi. Kowace safiya Garzali ya zo ya rubuta, gajere, daidai faɗin allo. Masu wucewa suka fara tsayawa, wasu su ɗauki hoto su tura. Ba wanda ya zo gogewa, don mai shaidar ƙarya ba ya son a gan shi da rana.

Na san kuna jira in ce Tsalha ya yi arziki. Bai yi ba. Dikoda ba ta dawo ba. Ya sayar da talabijin, ya sayi tukunyar shayi, masu karanta allo su ne masu sayen shayinsa. Laure tana soya ƙosai a gefe, wani lokaci da fara'a, wani lokaci da mita. Suna ci, ba kamar da ba, amma suna ci.

Bayan an kwana biyu sai ga Ilu a ƙafa, babu babur. Ya bi zaƙin bakin masu sharhi, ya zuba, ya zuba, har babur ɗin ya tafi. Da ya ce an cuce shi, kamfanin caca ya toshe lambarsa. Ya tuna akwai wani ɗan jarida da ke bin irin wannan magana, ya shiga waya yana neman shafinsa. Babu. Ya tsaya gaban teburin shayi, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Malam Tsalha," yau babu Tanderu, "ina zan sami Garzali? Na nemi shafinsa ban gani ba."

Tsalha bai ce masa kai ka taya aka rufe shi ba, bai ce sau biyu ma ka yi ba. Ya zuba masa shayi, ya ce, "Zauna. Yanzu zai zo, allinsa yana wurina."

To jama'a, ga inda maganar take. Tun muna yara ake gaya mana shaidar zur tana cikin manyan zunubai, sai muka ɗauka sai an je kotu. A'a. Kotun yanzu tana aljihunka. Duk ranar da aka turo maka cewa a taru a kai ƙarar wane, ka danna ba ka karanta ba, ba ka gani ba, ka ba da shaida, kuma an rubuta maka ita. Kada ka ce mu dubu ne, nawa ba zai yi nauyi ba. Dubun nan ɗaya-ɗaya za a kira su. Kuma kada ka ce ai ba na son sa. Tsalha ma ba ya son Garzali. Gaskiya ba a kan wanda kake so kaɗai ake faɗin ta ba.

Masu kuɗin da ke son a yi shiru ba su da yatsu dubu, namu suke aro. Bakin da ka taya su rufewa yau, shi za ka nema gobe idan taka ta taso, kamar Ilu. Kai da ke latsa waya tun da na fara magana, ɗaga babban yatsan nan naka ka dube shi da kyau. Akwai ranar da za a rufe bakinka a ce shi ya yi magana. Me kake so ya faɗa?

Allah ya tsare mana yatsunmu kamar yadda muke roƙon ya tsare mana harsunanmu.