Gizo da Turken Bakin Kogi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku matso, ku bar tsokanar juna. Gwaggona Ladingo ce ta fara ba ni wannan, shekarar da kogi ya cinye mana shinkafa.

Wai a wata fadama dabbobi suka yi jinga, wato tudun ƙasa mai tare kogi daga gonaki. A bakin ruwa suka kafa turke mai tsaga uku. Dokarsu ita ce, ranar da ruwa ya taɓa tsaga ta uku, sai a fasa jinga ta gonar da ta fi kwari, ruwa ya bi nan ya faɗa tafki, sauran gonaki su tsira. Mai gonar kuma kowa ya ba shi dami guda.

Gonar kwarin nan ta Gizo ce da matarsa Ƙoƙi, shinkafa kuwa ta yi kyau, saura kaɗan a yanka. Sai Gizo ya je wurin Kunkuru, sarkin noma, ya ce bana shi zai riƙa duba turke, tunda ya fi kowa kusa. Kunkuru ya yarda.

Ranar farko Ƙoƙi ta ga tururuwa suna hawa tudu da ƙwayayensu. Ta san alamar ambaliya ce. Ta tambayi Gizo, ya ce ruwa ko tsaga ɗaya bai kai ba.

Rana ta biyu Kwaɗo ya zo yana haki, wai ruwa ya shigar masa ɗaki har gado. Gizo ya ce, "Kai da aka haifa a ruwa, kai ne mai kukan jiƙewa?" Aka yi ta dariya. Ƙoƙi ba ta yi ba.

Rana ta uku da sassafe ta bi sawun mijinta. Ta tarar da shi yana tumɓuke turke, ya matsa da shi sama taku biyar, ya sake kafawa. Ashe kullum haka yake yi. Jinga kuwa har ta fara tsattsafo ta gefen gonar Zomo.

"Maigida, me nake gani?"

"Kwana biyu kacal, Ƙoƙi, mu yanke abinmu."

"Ka tambayi kogin, ya ce zai jira ka?"

Ya riƙe mata zane yana magiya. Ta dubi shinkafar nan, kowane tushe da hannunta ta dasa shi. Ta dubi gonakin maƙwabta, da rumbunan da ke jiransu. Ta fizge zanenta, ta ɗauki fartanya, ta nufi jinga ta gefen gonarsu. Sara ɗaya, sara biyu, a na uku ruwa ya ɓalle. Tana tsaye tana kuka ruwan yana kwantar mata da shinkafa, ya wuce tafki.

Gonaki suka tsira. Aka kawo wa Ƙoƙi damma har rumbu ya cika. Gizo kuwa, da ya hango Kunkuru tafe da jama'a, sai ya haye saman ɗaki. Har yau can kuke ganinsa.

To kun ji. In an ba ku tsaron abin jama'a, ku faɗi abin da kuka gani, ko da gonarku ce za ta tafi. Gizo ya matsar da turke, amma kogi bai koma baya ba.

Ni dai washegarin da Gwaggo ta ba ni labarin nan, sai da na je bakin kogi na girgiza turkenmu, na ji shi daram, sannan na iya shan koko.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.