Kullutun Kan Magen Inna Tabawa

Ku matso kusa, ta yau ba ta dariya ba ce.

A wani ƙauye an yi wata tsohuwa makauniya, Inna Tabawa. 'Yarta ɗaya mace ta rasu wajen haihuwa, abin da ta bar mata kawai wata baƙar mage ce. Tun daga ranar tsohuwar ba ta kai loma baki sai ta ji magen ta ci. Wata rana tana shafa kan magen ta ji kullutu biyu masu tauri bayan kunne. Kafin wata ya zagayo sun zama bakwai. Mage ta daina ci, tsohuwa ma ta ture kwano. 'Ya'yanta maza uku suka ga uwarsu na tafiya a zaune.

Babban, Ɗantani, wanzami ne, kuma kun san wanzami, duk kumburi a wurinsa na aska ne. Ya tsaga kullutun ya matse, ba mugunya, sai jini. Amma da ya ce, "Inna, na fitar da ciwon," ta yarda ta sha kunu.

Na biyu, Jatau, ya sa magen a kwando ya taka wuni guda a ƙasa zuwa wurin likitan dabbobi. Likita ya ce ciwon daji ne, ba magani. A hanyar dawowa ta mutu. Jatau ya binne ta gindin tsamiya yana kuka kamar mutum ya binne. Da ya iso gida ya ce, "Inna, an riƙe ta asibiti." Ta ci gaba da ci tana jira.

Autan, Barmo, ya bi ƙauyuka biyar har ya samo mage mai irin girmanta da kukanta, ya ɗora wa Inna a cinya. Ta yi dariya har da hawaye, ta ci tuwo malmala biyu. Sannan yatsunta suka hau kan magen. Sumul.

"Kullutu ya warke, na ji," in ji ta. "To ina sawun askar Ɗantani?"

Ta sauke magen a hankali, ta juya fuska bango. Ran Juma'a aka kai ta makabarta.

Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta karye. 'Yan'uwan nan ko gaisawa ba sa yi, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya kashe ta.

To ku faɗa mini: mai askar, ko mai ɓoye mutuwar, ko mai musanyar, wane ne zai ɗauki alhakin Inna Tabawa?