Kujerar Alhaji Barau

An yi wani attajiri, Alhaji Barau, da ya yi shelar zai tallafa wa makarantu, amma da sharaɗi. Ya ce, "Wanda ya roƙa ba zan ba shi ba, na tsani roƙo. Wanda ya yi shiru kuwa ba ya bukata."

Malama Ladidi, shugabar firamaren Tsamiya, ɗalibanta a ƙasa suke zama. Sai ta gayyato shi bikin ba da kyaututtuka. Kujera ɗaya tak ta makarantar, an jibge kyaututtukan a kanta. Alhaji ya yi ta tsayuwa har ya gaji.

Ya ce, "Malama, a taimaka mini da kujerar nan mana."

Ta ce, "Ayya, ranka ya daɗe, ka roƙa. Mu kuwa tsarinka muke bi."

Alhaji ya ja bakinsa ya tsuke.

Ta dubi yara ta ce, "Kun gani? Alhaji ya yi shiru, ba ya bukata. A ci gaba da jawabai."

Kafin mako ya zagayo, sai ga mota shaƙe da bencina. Direban ya ce, "Alhaji ya ce a gaya miki, babu wanda ya roƙe shi."