Manhajar Ladidi da Tumatirin Gwaggo Kande

Dalilin da ya sa manhajar rabon ruwa ta ƙungiyarmu ta manoman rani take yin ado a kan allo, amma a takarda ta fito fes babu launi, shi zan gaya muku yau. Ku matso, kai Tanimu sauke hannunka daga kan kwamfutar mutane.

Da can ba haka take ba. Ladidi, ɗiyar Malam Barau mai buɗe ƙofofin ruwa, ita ta rubuta ta bayan ta dawo daga karatu. Ka rubuta umarni ɗaya a baƙin allon nan, sai sunayen gonaki su jero: wanda za a ba ruwa kore, wanda zai jira ja. Ga surutu kuma. "Ina dubawa. Na duba. Zan sake dubawa." Mu dai muka yi ta murna, har masu wucewa kan leƙo ofis su ga kwalliya.

Ran nan aka buga wa Malam Barau jerin a takarda ya tafi da shi bakin madatsa. Injin bugawar kuwa baƙin tawada kaɗai ya sani. Launi bai fito ba, sai wasu baƙaƙe da lambobi a gaban kowane suna, ga surutun manhaja ya cinye shafi uku. Malam ya juya takarda sama, ya juya ƙasa. Shi mutum ne da ba ya son a ce ya hana wani, don haka ya buɗe wa kowa.

Ruwa ya rabu kashi ashirin, ya ƙare tun a hanya. Gonar Gwaggo Kande ita ce ta ƙarshe, kuma ranar tata ce. Tumatirinta yana tsakiyar fure. In aka kwana biyu ba ruwa, shi ke nan an yi asarar shekara.

Da hantsi sai ga ta a ofis, mayafi a kafaɗa.

"Ke Ladidi, abin naki ado ya zo yi ko aiki?"

Malam Barau, da shi ma ya dawo ofis, ya ajiye takardar. "Ni dai a cire launin nan gaba ɗaya."

"Haba Baba, launin ne ke sa mu gane da kallo ɗaya."

"Ku da ke zaune a inuwa. Ni takarda ce a hannuna."

Ladidi ta ji kunya ƙwarai, na ga idonta ya kawo ruwa. Amma yarinyar akwai kai. Ta ce a yi sulhu: manhaja za ta riƙa duba inda take magana. In allo ne, ta yi launinta. In takarda ce ko fayil, ta tuɓe adon. Kuma ko'ina ta rubuta "buɗe" ko "rufe" a gaban suna. Surutu kuwa sai wanda ya nema.

Kafin azahar ta gyara. Malam ya koma da shafi ɗaya tal, ya rufe ƙofa goma sha tara, ruwa ya miƙe har gindin tumatirin Gwaggo.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki Gwaggo ta dire kwando a kan teburin Ladidi, cike da tumatir jajawur. Ta ce, "Ungo, 'yar nan. Ni irin jan da nake so ke nan."

Shi ya sa har yau manhajar nan sai ta duba wa ke gabanta kafin ta yi kwalliya, kuma ba ta surutu sai an tambaye ta. Tanimu, ina ma kai ma haka kake.