Cajar da Munzali ya haɗa a injin niƙa

Akwai wani mai gyaran wutar mota a Daura, ana ce masa Munzali. Hannunsa na da kyau, sai dai fa ba ya jin shawara, ko ta wa.

Mahaifiyarsu, Inna Kande, tana ƙauye wajen Mai'adua da ciwon suga. Allurarta sai a firji, ƙauyen kuwa babu wuta. Sai Munzali ya kawo ƙaramin firji da batir, ya ɗaura tsohuwar altaneta, wato na'urar cajin batirin mota, a bel ɗin injin niƙan ƙanwarsa Hadiyya. Ya haɗa regileta da hannunsa, wadda za ta hana wuta yi wa batir yawa.

Hadiyya ta ce, "Yaya, ka gwada ta lokacin da hatsi ya ƙare a injin? Nan yake zabura da gudu."

Ya yi dariya. "Ke dai ji da geronki. Wuta ba surfe ba ce."

Kwana uku ba a yi ba, batir ya tafasa ya kumbura. Firji ya mutu, allura ta fara ɗumi. Hadiyya ta naɗe ta a leda ta sa gindin randa, ta kira Munzali a waya.

Wallahi da ya iso kunya ta hana shi kallon Inna. Ya tsuguna gaban injin, ya ce, "Hadiyya, nuna min abin da kika faɗa."

Ta tayar da injin, ta bar hatsin ya ƙare. Injin ya zabura, mitar awon wutar da ya jona ta haura sha bakwai, alhali batir sha huɗu yake ɗauka. Ashe shi a shago da gudu ɗaya kawai ya gwada.

Wuni guda suka yi, tana zuba gero tana ɗaukewa, yana gyara regileta, har mita ta tsaya a sha huɗu duk yadda injin ya yi. Da sabon batirin da ya zo da shi ya ɗauki caji, firji ya yi sanyi kafin isha'i.

Inna ta taɓa kwalbar allurar, ta ce, "To, Munzali, waye injiniyan?"

Ya sunkuyar da kai. "Mu biyu ne, Inna."

Darasi: Wanda yake wuni da abu ya san halinsa, ko bai je makaranta ba. Kada girman kai ya sa ka raina shawarar na ƙasa da kai. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.