Shuɗiyar Butar Hamma Bawa

Shekara tara na yi ba na Jimeta. Na tafi a shekarar da mutanen Mubi da Michika suka cika garin nan da ƙunshin kaya a ka, na dawo na tarar da gadar sama a inda na bar cunkoson motoci. Keke Napep ya mamaye titi, shingayen sojoji sun ragu, rufin gidajen Shagari Low Cost duk faranten sola. Mangwaron ƙofar gidanmu ma an sare shi, an kafa shagon cajin waya a gurbinsa. Abu ɗaya na samu yadda na bar shi, wato yayana Hamma Bawa da taurin kansa.

Hamma Bawa gyaran batir yake yi a wani layi da ke bayan kasuwa. Ya iya aikinsa, wannan babu mai musu. Daga Girei har Mbamoi ake kawo masa batiran mota da na sola. Matsalarsa ɗaya ce. Tunda ya yi shekara ashirin yana taɓa ruwan batir bai ƙone ba, sai ya ɗauka ruwan ya san shi. Ba ya sa safar hannu, ba ya sa tabarau, kuma wanda duk ya yi masa magana sai ya mayar da shi abin dariya.

Ranar da na fara zama a shagon na ga ya ɗauko wata koriyar buta, irin ta alwala, yana tsiyaya wa batir ruwa da ita.

Na ce, "Hamma, me ke cikin butar nan?"

"Asid mana. Bakinta siriri ne, yana shiga ramin batir daidai, ko ɗigo ba ya zuba."

"A buta? Ga butocin alwala can a bakin kwata, taku uku tsakaninsu."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Faruk, kowa a layin nan ya san koriyar buta ta Bawa ce. Ko akuya ta sani."

Ni kuwa a kamfanin fenti na yi aiki a Fatakwal, inda ko ruwan sha ne sai an rubuta sunansa a jikin mazubinsa. Na gaya masa haka. Na ce mu sayi jarka mai murfi da mazurari, mu yi mata alama da jan fenti. Ya juya wajen maƙwabciyarsa ya ɗaga murya.

"Madam, zo ki ji injiniyan Fatakwal! Ya zo koya mini batir."

Madam Nwadiuto ke da shagon kayan gyaran mota da ke manne da nasa. A Jimeta aka haife ta, kuma ko lokacin da bama-bamai ke tashi a kasuwa ba ta rufe shago ta tafi ba. Ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Oga Bawa, ƙaninka ya faɗi gaskiya. Shekara nawa ina gaya maka? Wannan buta naka zai kashe mutum, sai ka ce ni mace ne, ban san komai ba."

"To kun zama biyu. Ku kafa ƙungiya."

Daga ɗaya gefen kuma akwai teburin Bappa Jibrilla, dattijo mai gyaran agogo. Daga Mubi ya gudo da iyalinsa, ya tsira daga can, sai ga shi ya rasa idonsa na hagu ranar da bam ya tashi a kasuwar nan. Da ido ɗayan da ya rage yake ɗaura ɗan gilashinsa ya sunkuya kan ƙananan ƙusoshin agogo, da shi yake ciyar da mutum takwas. A makon da na dawo na ba shi agogona da ya tsaya, ya ce in ba shi kwana kaɗan.

Wata Talata da safe koriyar butar ta tsage daga gindi. Hamma Bawa bai yi wata-wata ba, ya tsayar da mai tallan robobi ya sayi sabuwa. Shuɗiya ya samu, irin ta butocin alwalar layin sak. Ya cika ta da asid ya ci gaba da aiki. Na ce ya bari in ɗaura mata jan ƙyalle. Ya ce, "Anjima." Bai gaya wa kowa an canza buta ba.

Ana gab da kiran Azahar wani mai keke ya tsaya a tsallaken titi yana ihu batirinsa ya mutu. Hamma Bawa ya fito da butar a hannu, ya dire ta a ƙofar shago kusa da kwata, ya ɗauki sifana ya tsallaka. Ni ina ciki ina jera batiran da aka gama.

Bappa Jibrilla ya cire gilashinsa, ya naɗe hannun riga, ya zo bakin kwata zai yi alwala. Ya girgiza buta ta farko, babu ruwa. Ya ga shuɗiya cike, ya ɗauka ya tsuguna. Ya zuba a hannun dama, ya zuba a na hagu. Daga baya ya gaya mana ya ji zafi, amma wa bai san ruwan buta a ranar Yola ba? Ya ɗauka rana ce ta dafa shi. Ya sake cika tafin hannunsa, ya nufi baki da shi. Daga baki sai hanci, daga hanci sai fuska.

Madam Nwadiuto ce ta ga simintin da ke gabansa yana kumfa.

"Baba! Jesus! Kar ka sha! Faruk, riƙe shi!"

Ban san yadda na tsallake batira uku ba. Na cafke wuyan hannunsa na ture shi gefe. Ruwan ya watse, ɗigo biyu ko uku suka sauka a kuncinsa na dama, ƙasa da idon kaɗan. Sai a lokacin ya fara salati da ƙarfi, ya ɗaga hannu zai murza fuska.

Madam ta daka masa tsawa. "Kar ka taɓa ido! Hannu ƙasa!"

Nan da nan layi ya cika. Wani ya ce a kawo manja, wani ya ce madara, wata mai abinci ta taho da man goge haƙori. Madam ta tare su da hannu biyu.

"Ba manja, ba komai. Ruwa kawai. Mai ruwa, kawo kura naka duka!"

Mai ruwan da ke wucewa ya turo kurarsa. Muka karkatar da kan Bappa ta yadda ruwan zai gangara wajen kunne, kada ya bi ta ido. Ina zuba wa fuska, Madam tana zuba wa hannuwa, jarka bayan jarka. Muka cire masa rigar, wadda tuni ta fara ɓulewa a hannu. Ya fi minti ashirin muna zuba. Bappa ba ya cewa komai sai, "Idona, 'ya'yana, ku duba mini idona."

Hamma Bawa ya dawo da sifana a hannu, ya ga shuɗiyar buta a kwance, ya ga simintin ya yi fari. Sifanar ta faɗi. Mai keken da ya gyara wa batir shi ya kai mu asibiti.

Likita ta haska idon, ta ɗiga magani, ta sake haskawa. Mu uku muna tsaye kamar an dasa mu. Ta ɗago ta ce idon lafiya lau, ruwan bai shiga ba. Ta ce da ya kai fuska da cikin tafin hannun nan, da yanzu wani zancen ake. Ta tambaya wa ya hana a shafa manja. Muka nuna Madam. Madam ta zauna a benci ta fashe da kuka.

Hamma Bawa ya durƙusa a gaban gadon. "Bappa, ka yafe mini. An gaya mini, na ƙi ji."

Bappa ya kalle shi da ido ɗayan nan. "Bawa, bam ya ɗauki ɗaya, na ce ƙaddara ce. Da ka ɗauki na biyu, me zan kira shi?"



Mako uku hannuwan Bappa suna naɗe da bandeji, kuma a makonnin nan Hamma Bawa ne ya riƙe gidansa. Shagon ma ya canza. Asid ya koma jarka mai murfi, an shafe ta da jan fenti, an rubuta HAƊARI da boko da ajami, tana cikin akwatin ƙarfe da kwaɗo. Ya sayi mazurari da safar roba da tabarau. Ya daina juye tsohon ruwan batir a kwata, yana tara shi a ganga ta daban tare da matattun batira har masu karɓarsu su zo. Akwai kuma duro cike da ruwa a ƙofa, ba a bari ya yi ƙasa. Madam tana ganinsa da tabarau ta ce, "Oga Bawa, ka shiga ƙungiya namu?" Ya ce a rubuta sunansa a farko.

Ni dai zama wuri ɗaya bai taɓa karɓata ba. An kira ni aiki a Kaduna, jibi zan kama hanya. Yau da yamma ina cusa kaya a jaka sai ga sallama. Bappa Jibrilla ne, da sabuwar fata ja-ja a tafin hannunsa. Ya miƙo mini agogona. Na kara a kunne, yana tafiya.

"Na makara," in ji shi. "Amma da idona na gyara."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abu mai haɗari ba a zuba shi a mazubin da mutane suka saba sha ko wanka ko alwala da shi, ko da na minti ɗaya ne. A ba shi mazubinsa, a rubuta sunansa, a kulle shi, a kuma san inda shararsa za ta. Kada ka dogara da cewa kowa ya sani, domin ranar da abu ya canza ba kowa zai ji ba. Daɗewa a sana'a ba ta hana asid ƙuna, kuma sau da yawa wanda ganganci ke cutarwa maƙwabci ne da bai san komai ba. Idan kuma tsautsayi ya auku, ruwa mai yawa ne farko, sannan asibiti.